Kwalba da Famfo: Tarihin Samar da Man Fetur a Sabon Maci da Ƙasar Dakoro

Sabon Maci gari ne na manoma da 'yan kasuwa a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, yana kan hanyar da ta tashi daga Tsibirin Gobir ta nufi arewa, ta ratsa Kornaka har ta kai Dakoro, kuma kasuwarsa ta mako tana cikin wuraren da ake tara gero da wake da dabbobi kafin a gangara da su Maraɗi, daga can wasu su tsallaka Najeriya. Ba a haƙo mai a ƙasarsa, ba a kuma tace shi a kusa, amma duk motar da ta shigo ran kasuwa, da babur ɗin da ya kai mara lafiya likita, da injin niƙan da ya raba mata da wahalar daka, sun dogara ne da wani ruwa da ake kawowa daga nesa. Saboda haka tambayar da manyan kamfanonin mai na duniya suke yi a ofisoshinsu, wato wane mai kawo kaya ne za a dogara da shi alhali ba a san abin da gobe za ta haifa ba, tambaya ce da mutanen wannan yanki suka daɗe suna fama da ita, ko da yake ba da alƙalami suke amsa ta ba. Tarihin amsoshin da aka ba ta yana nuna cewa mai kawo kaya mafi araha da wanda ya fi ɗorewa ba safai suke zama mutum ɗaya ba, kuma hukuma ta fi ƙananan 'yan kasuwa jinkirin gane hakan.

Kafin zuwan Turawa, fitilar ƙasar Hausa da man gyaɗa ko man kaɗe take ci, sufuri kuma na jaki ne da raƙumi da takarkari. Man ƙasa na farko da ya shiga gidajen talakawa shi ne kananzir, wanda kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suke sayarwa a cikin garwa, kuma garwar kanta idan ta ƙare sai ta koma abin ɗiban ruwa da awon hatsi. Hanyar shigowarsa kuwa ta kudu ce, domin tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙasar Maraɗi ta fi kusa da teku ta hannun Ingilishi fiye da ta hannun Faransawan da suke mulkinta, har ma gyaɗar da ake nomawa a nan ta Kano take bi zuwa Legas. Wannan bai yi wa Faransawa daɗi ba, shi ya sa a 1953 suka ƙirƙiro tsarin da suka kira Hirondelle, wanda a ƙarƙashinsa motoci suke kai gyaɗa Parakou a ƙasar Dahomey, wato Benin ta yau, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Kwatano, su kuma su juyo da kayan da aka shigo da su. Tun daga lokacin aka samu hanyoyi biyu masu gogayya: ta kusa mai sauƙi wadda take hannun wata ƙasa, da ta nesa mai tsada wadda hukuma take ganin ita ce tata.

Bayan samun mulkin kai a 1960, kamfanonin waje irin su Shell da Mobil da Texaco da Total ne suka ci gaba da shigo da mai da rarraba shi. Tashin farashin mai na duniya a 1973, wanda ya zo daidai da babban fari da kuma buɗe ma'adinan uraniyom a arewa, ya nuna wa gwamnati haɗarin barin wannan lamari a hannun baƙi, don haka a 1977 gwamnatin Seyni Kountché ta kafa kamfanin SONIDEP, ta ba shi ikon shigo da mai da ajiye shi, sauran kamfanoni kuma suka koma masu saye a hannunsa suna sayarwa a gidajen mai. Hikimar tsarin ita ce a samu mai saye ɗaya mai ƙarfi, wanda zai iya ƙulla yarjejeniya mai tsawo, ya yi tanadi a rumbunan ajiya, ya kuma sa farashi ɗaya a duk faɗin ƙasa, ta yadda mutumin Dakoro ba zai biya fiye da mutumin Yamai ba. Manufa ce mai kyau, sai dai man da ya biyo ta Kwatano ko Lome, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a tanka, aka kuma ɗora masa haraji, ba zai iya gogayya da abin da yake faruwa a ƙetaren iyaka ba.

Abin da yake faruwa a can shi ne Najeriya, wadda ta gano mai a Oloibiri a 1956, ta ɗauki arahar fetur a matsayin rabon talaka daga arzikin ƙasa. Ta daidaita farashi a ko'ina a 1973, ta kafa asusun biyan kuɗin dakon mai zuwa jihohi masu nisa a 1975, sannan ta buɗe matatar Kaduna a 1980, wadda take tura mai ta bututu zuwa rumbunan Kano da Gusau. Tallafi a nan yana nufin gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin kaya domin mai saye ya same shi ƙasa da ainihin kuɗinsa, kuma sakamakonsa shi ne litar fetur a Katsina da Jibiya ta kasance kwabo 20 a farkon shekarun 1980, ba ta kuma wuce kwabo 70 ba har 1993. A gefe guda naira tana ta faɗuwa a hannun 'yan canji, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Faransa ba ta motsi. Duk wanda yake riƙe da sefa, ya canza ta a kasuwar bayan fage, zai sayi fetur a Jibiya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya sayar a Maraɗi ƙasa da farashin famfo, ya kuma ci riba mai kauri.

Daga nan sana'ar da ake kira ruwa-ruwa a Nijar ta samo asali, wadda takwarorinta a Najeriya su ne 'yan bumburutu. Ba ta fito daga sama ba, domin ta hau kan tsohon tsarin fatauci na Alhazan Maraɗi, wanda masanin nan Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsa a littafin da ya fitar a 1986, inda ya nuna cewa ƙarfin attajiri yana ga yawan mutanen da suke yi masa aiki bisa alaƙar ubangida da bara. A wannan alaƙa ubangida yana ba da jari ko kaya bashi, yana tsaya wa yaronsa idan ya shiga hannun duwan ko jandarma, yana taimakonsa ran aure da suna, shi kuma yaron yana biyansa da biyayya da riƙon amana. Da gyaɗa ta mutu bayan farin shekarun 1970, wannan tsari ya koma kan atamfa da taba da shinkafa da ake tsallakarwa kudu, da kuma taki da siminti da mai da ake haurowa da su arewa. Man yana tsallakowa ta Magama da Ɗan Isa ko ta hanyoyin daji, a cikin durom da jarkoki ko a tankunan motoci da aka faɗaɗa, a sauke shi a gidajen dillalai, sannan motocin kasuwa da babura su rarraba shi zuwa garuruwan arewa, inda daga ƙarshe zai zauna a kwalaben lita ɗaya a kan tebur a bakin hanya.

A wannan mataki na ƙarshe ne ake ganin ainihin yadda ake zaɓen mai kawo kaya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin mai tebur a gari irin Sabon Maci yana auna abubuwa da yawa waɗanda farashi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Yana duba ingancin man, tun da ba shi da ɗakin gwaji sai ido da hanci, ya san launin mai kyau, ya san wanda aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya kwanta a ƙasansa, ya kuma san cewa a ƙaramin gari idan mansa ya lalata babur ɗin ɗan kabu-kabu ɗaya, kafin la'asar kowa ya ji. Yana duba cikar awo, domin jarkar da aka ce lita 25 ce ba kullum take cika ba. Yana duba wanda zai ba shi kaya ya sayar kafin ya biya, da wanda zai raba asara da shi idan an kama kaya a hanya. Abin da ya fi duka nauyi a wurinsa shi ne wanda ba ya ɓacewa lokacin tsanani, wato dillalin da idan mai ya yi wuya zai ware wa tsofaffin abokan cinikinsa kasonsu, ko da wani baƙo ya zo da kuɗi a hannu ya ƙara farashi. Saboda wannan ne ɗan kasuwa mai hankali yakan ci gaba da saye a wurin ubangidansa ko da an samu mai rangwame a gefe, yana kuma riƙe da ƙofa ta biyu, ko wani dillali ko gidan mai na hukuma, wadda ba ya bari ta rufe. Abin da masana harkar kasuwanci suke kira rarraba haɗari, wato kada a rataya rayuwar sana'a a wuyan mutum ɗaya, a nan dabara ce da aka koya ta hanyar asara.

Asarar kuwa ta zo ba sau ɗaya ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya tare da canza takardun naira, ba a buɗe ba sai a Maris na 1986, kuma da yake rufewar ta haɗu da fari, mutanen yankin suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, a daidai lokacin da Najeriya take ɗaga farashin lita daga kwabo 70 zuwa naira 3.25 sannan zuwa naira 11, matatunta kuma suka lalace har dogayen layuka suka zama ruwan dare a zamanin mulkin soja na Abacha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya girgiza sana'ar, amma babu wanda ya kashe ta, domin da zarar naira ta sake faɗuwa sai tazarar farashi ta dawo.

Babban sauyi ya zo ne daga gabas. Tun shekarun 1970 kamfanonin Amurka da Faransa suka san akwai mai a yankin Agadem na jihar Diffa, amma suka ga nisa da tsadar fitar da shi ba za su biya ba. A 2008 gwamnatin Tandja Mamadou ta ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin wurin, bisa sharaɗin ya gina matata a cikin gida, kuma wannan sharaɗi shi ne ya bambanta Nijar da ƙasashe da dama da suke fitar da ɗanyen mai su sayo tatacce. A ranar 28 ga Nuwamba 2011, a zamanin Mahamadou Issoufou, aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram kan hanyar Tanut, wadda bututu mai tsawon kilomita 462 yake ciyar da ita, tana iya tace ganga 20,000 a rana, ganga ɗaya kuwa kimanin lita 159 ce. CNPC yana da kashi 60 cikin ɗari na matatar, gwamnatin Nijar tana da 40. A lissafin lokacin, ƙasar ba ta shan fiye da kusan ganga 7,000 a rana, don haka aka ɗauka cewa matsalar ta ƙare, har ma za a sayar da rarar ga maƙwabta. An sauke farashin lita daga sefa 679 zuwa 579 a farkon 2012, daga baya zuwa 540, wato dala 108 a ƙidayar kasuwa inda dala take sefa biyar, farashin da ya zauna fiye da shekara goma bai motsa ba.

Sai dai wancan lissafi yana da rami, domin ya ƙidaya man da ya bi ta hannun SONIDEP ne kawai, bai ƙidaya na kwalba ba. A watan da sabon farashin SORAZ ya fara aiki, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, amma zanga-zanga ta tilasta mata komawa 97, kuma da haka tazarar ta ci gaba da wanzuwa. A cikin shekarun da suka biyo baya babura 'yan Sin suka cika ƙauyuka, injinan niƙa da janareto suka yawaita, buƙata ta ninka, kuma kaso mai yawa na wannan ƙari man Najeriya ne ya ɗauke shi, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Abin ya kai ga tankoki suna fita da man SORAZ zuwa arewacin Najeriya ta ƙofar hukuma, jarkoki kuma suna shigowa da man Najeriya ta bayan gida. Gargaɗi ya zo a 2015, lokacin da wata na'ura ta lalace a matatar aikin ya tsaya na makonni, ya sake zuwa a Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamban 2020, ta kuma hana kai mai gidajen mai da suke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk da haka ba a ƙara ƙarfin matatar ba, hankalin hukuma ya fi karkata ga bututun kusan kilomita 2,000 da zai kai ɗanyen mai gaɓar tekun Benin.

Shekarar 2023 ce ta tattara dukkan haɗurran wuri ɗaya. A ranar 29 ga Mayu Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabinsa na kama mulki, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bayarwa, abin da ya ƙara yawan masu kunna janareto. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kayan teku suka koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Ribar ruwa-ruwa ta ragu har kuɗin dako da na hanya suka cinye mafi yawanta, masu babura da motoci da suka shekara ashirin ba su shiga gidan mai ba suka koma layin famfo. A wannan yanayi ne gwamnati ta rage farashi a Yulin 2024, fetur daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, matakin da ya faranta ran jama'a amma ya ƙara buƙata a kan matatar da ba ta ƙaru ba.

A Maris na 2025 abin ya fito fili, inda aka yi ƙarancin fetur da ba a saba gani ba tun buɗe SORAZ, layuka suka yi tsawo a Yamai da manyan garuruwa, kwalba ta yi tsadar da ta ninka farashin hukuma. Jami'an SONIDEP da kansu suka bayyana cewa man sumoga yana ɗaukar kusan rabin kasuwar ƙasar a da, kuma abin da matatar take bayarwa bai wuce rabin abin da ake buƙata ba. Wannan magana tana da nauyi, domin ma'anarta ita ce wadatar da aka yi shekara goma sha uku ana alfahari da ita ta tsaya ne da ƙafa biyu, ɗaya a Damagaram, ɗaya a baitulmalin Najeriya, kuma ƙafa ta biyun hukuma tana kamun masu ita a hanya alhali tana jingine da su ba ta sani ba. A cikin watan ne aka kori wasu manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin mai, kuma a ƙarshe tankokin da suka kawo sauƙi daga Najeriya suka fito, wannan karon bisa yarjejeniya tsakanin hukumomi. Garuruwan da suke nesa da rumbunan ajiya su ne suke shan wahala fiye da kowa a irin wannan hali, saboda tanka tana fara sauke kaya a birni, kuma tsadar mai a Sabon Maci tana shiga kuɗin niƙa da kuɗin dakon buhun gero, ta rage abin da manomi zai karɓa ran kasuwa.

Ba adalci ba ne a ɗauki ruwa-ruwa a matsayin abin koyi, domin tana da nata mummunan sakamako wanda talaka ne yake biya: gobarar da take tashi a gidajen da ake ajiye durom, yaran da suke barin makaranta suna shaƙar tururin fetur a bakin titi, injinan da gurɓataccen mai yake kashewa, da harajin da ya kamata ya gina hanya da asibiti amma ya zube a aljihun wasu. Haka kuma ba daidai ba ne a raina abin da SORAZ ta kawo, tun da ta riƙe farashi a shekarun da na duniya yake hawa da sauka, ta kuma samar da iskar gas ta girki mai rangwame, wadda a ƙasa irin Dakoro da itace yake ƙaranci za ta iya ceton bishiyoyi da yawa in da tukwanenta suna isa ƙauye yadda suke isa birni. Laifin da tarihi yake nunawa shi ne na lissafi: an auna mai kawo kaya da farashinsa da kuma tutar da yake ɗauke da ita, ba a auna shi da tambayar da mai tebur yake yi ba, wato me zai faru ranar da wannan ƙofa ta rufe. Ƙasar da take da matata ɗaya, abokin hulɗa ɗaya a haƙa da tacewa, da bututun fitarwa ɗaya da ya ratsa ƙasar da ake takun saƙa da ita, tana cikin halin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai yarda ya sa kansa ba.

Tun daga 2024 sababbin ƙofofi suna bayyana, ko da yake kowace tana da nata sharaɗi. Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban shekarar, amma a farashin kasuwa take sayarwa ba na tallafi ba, kuma tsakaninta da Maraɗi akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 da iyakar da aka rufe sau uku cikin shekara arba'in. Gwamnatin Nijar ta sanar da shirin gina matata ta biyu a Dosso. A ƙauyukan Dakoro kuwa, faifan hasken rana ya fara karɓe wasu ayyukan da gazuwal da fetur suke yi, musamman jan ruwa a rijiyoyin burtsatse da cajin waya, wanda hakan yake rage yawan litar da gari yake buƙata kafin ya wayi gari lafiya, amma babur da motar kasuwa da mafi yawan injinan niƙa har yanzu mai suke sha, kuma daga Damagaram ko Jibiya yake zuwa.